Kwamfutar Girke ko ta Tafi-da-gidanka: Sharhi a kan Kiɗan Na'ura a Gaban Jama'a

Gabatarwa

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a tsakanin makaɗan zamani masu aiki da kwamfuta, watau wace iri ce ta fi dacewa mutum ya hau dandamali da ita in zai yi wasa a gaban jama'a. Yawancinsu dai sun riga sun yanke hukunci, sun rungumi ƙaramar nan ta tafi-da-gidanka, wadda akan rufe kamar littafi a jefa a jaka. Amma har yanzu akwai 'yan tsiraru da ke cewa babbar nan ta girke, mai akwati dabam da allo dabam, ita ce ta san aiki, kuma duk wanda ya damu da kiɗansa ya kamata ya jure wahalar ɗaukarta.

Mai karatu yana iya cewa ai wannan maganar masu gyaran na'ura ce, ina ruwan mai nazarin waƙa da ita? Akwai ruwansa kuwa. Tun can da ma masu nazarin waƙar baka ba su taɓa raba mawaƙi da abin kiɗansa ba. In an ambaci Narambaɗa sai a tuna kotso, in an ce Shata sai a ce kalangu, Ɗan Maraya Jos da kuntigi, Barmani Choge da ƙwarya. Abin kiɗa shi ke faɗin mutum nawa za su kasance a ƙungiya, da inda za a iya yin wasa, da yadda waƙar za ta tafi. Tun da yake kwamfuta ta shiga sahun kayan kiɗa, tilas ne ita ma a ɗora ta a kan ma'auni.

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a auna hujjojin ɓangarorin nan biyu, a duba wasanni huɗu na Turai da Amurka, inda abin ya samo asali, sa'an nan a waiwayo gida. Ra'ayina shi ne, masu gardamar duka sun tsaya auna akwati, sun manta su tambayi wane aiki aka ba akwatin. Sai an amsa wannan tambaya tukuna zaɓin zai yi ma'ana.

Wadda ta Fara Zuwa

Yana da kyau a san cewa ta girke ce ta riga hawa dandamali. A shekarar 1979 aka fito da Fairlight a ƙasar Ostareliya, na'ura mai allo irin na talabijin da akwati mai nauyi, wadda kan ɗauki sauti ta ajiye, a riƙa buga shi da madannai irin na fiyano. A 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da MIDI, watau hanyar da na'ura za ta gaya wa 'yar'uwarta wane amo za ta fitar, da ƙarfinsa, da lokacin da za ta sake shi. A 1985 Atari ST ta fito da ramukan MIDI a jikinta, kuma a kanta ne manhajar Cubase ta fara aiki a 1989. Makaɗa da dama sun yi ta jigilar irin waɗannan da allunansu masu ƙaton ƙeya. Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 ƙananan suka yi ƙarfin da za su iya sarrafa sauti nan take, kuma da manhajar Ableton Live ta fito daga Balin a 2001, wadda aka tsara musamman domin wasa a gaban jama'a, sai kasuwa ta koma hannunsu. Ashe ke nan mai kiran a yi amfani da ta girke, kiran a koma gidan jiya yake yi.

Hujjar Masu Girke

Hujjarsu ta farko, wadda kuma ta fi nauyi, ita ce maganar jinkiri. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti a miƙe kamar yadda ruwa ke bin kwata. Takan yanka shi gutsi-gutsi, galibi sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, ta tara gutsattsarin a wani ɗan mudu, in ya cika ta yi aiki a kansa, sa'an nan ta tura wa lasifika. In mudun na gutsure 128 ne, a lissafin 48,000, cikarsa ba ta kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kunne ba zai lura ba. In kuwa na 1,024 ne, jinkirin ya haura kashi 21 cikin 1,000. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka wannan jinkiri daidai yake da makaɗi ya doki kalangu a hammatarsa amma ya ji amonsa daga nisan mita 7. Duk wanda ya taɓa riƙe makaɗi ya san hannu ba zai zauna ba a haka. Maganin abin shi ne a ƙanƙanta mudun, amma ƙaramin mudu yana bukatar na'ura mai saurin gaske, domin in ta makara ko sau ɗaya wajen cika shi, sai a ji ƙaraf a lasifika, ko sautin ya yanke. Ta girke, in ji masu ita, tana da ƙarfin da za ta riƙe ƙaramin mudu dare guda ba ta yi tuntuɓe ba.

Hujja ta biyu zafi. Ƙwaƙwalwar na'ura takan ɗau zafi in tana aiki, kuma an tsara ta yadda in zafin ya yi yawa za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ta tafi-da-gidanka siririya ce, fankarta 'yar mitsitsiya, wata ma ba ta da fanka sam. Abin da ta yi lafiya lau a ɗaki mai sanyi da safe, tana iya kasa shi a ƙarƙashin fitilun dandamali bayan awa biyu. Kamfanin Apple da kansa ya ƙayyade cewa a yi aiki da nasa ƙananan a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Ta girke kuwa cikinta da fili, fankokinta manya.

Hujja ta uku ta aljihu ce. In kuɗi ɗaya ne, galibi ta girke ta fi ƙarfi. Tana da ramukan jona kaya da yawa, ba sai an yi ta ɗaura mata 'yan jone-jone masu saurin zamewa ba. In wani abu ya lalace a cikinta, a kwance murfi a cire shi a sa wani. Ƙananan na yanzu kuwa da yawansu an liƙe kayan cikinsu da dalma, in abu ɗaya ya mutu sai a sake uwar allon gaba ɗaya.

Hujjar Masu Tafi-da-gidanka

Su kuma waɗannan amsarsu ta farko kalma ɗaya ce, batir. In wuta ta ɗauke ko da ƙiftawar ido ce, ta girke ta mutu ke nan, sai an sake tayar da ita, an buɗe manhaja, an loda sautuka, jama'a na zaune suna kallo. Don haka mai ita dole ya haɗa da akwatin batirin ko-ta-kwana, wanda shi ma kaya ne mai nauyi. Ƙaramar kuwa da nata batirin a ciki, ko lasifika ta yi shiru ita tana nan a inda take, wuta na dawowa a ci gaba.

Sa'an nan ga ɗawainiya. Akwati, da allo, da madannai, da linzami, da wayoyinsu, kowanne abu ne da za a iya mantawa ko ya fashe a mota. A manyan bukukuwan kiɗa, inda ƙungiyoyi ke hawa bi da bi, 'yan mintoci kawai akan ba mutum ya shirya kayansa. Bugu da ƙari, ratar ƙarfi da ke tsakanin na'urorin biyu ta ragu ƙwarai, musamman tun daga 2020 da Apple ya fito da ƙwaƙwalwar M1, wadda ke aiki mai yawa da wuta kaɗan, ba ta kuma cika zafi ba. Ta ɗaya gefen, ta girken ita ma ta ƙanƙance. Mac mini, wadda ta fara fitowa a 2005, ta girke ce, amma jakar hannu tana ɗaukarta. Irinta ce masu wasannin kwaikwayo na waƙe a Niyok da Landan kan ɗaure a akwati mai tayoyi, sau da yawa guda biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya ta sume a juya wa ɗayar.

In a nan za a tsaya, hukuncin mai sauƙi ne: matafiyi ya ɗauki ƙarama, mazauni ya girke babba. Amma wannan hukuncin ɗan kasuwa ne. Mai nazari yana da sauran tambaya.

Ma'aunin Amshi

Mene ne ya bambanta wasa a gaban jama'a da sauraron faifai a ɗaki? Makaɗan baka sun amsa mana wannan tun da daɗewa. Mawaƙi yana tsakiyar waƙa sai ya hango wani babban mutum ya shigo, nan take ya karkata, ya kawo sunansa da na ubansa da garinsu, 'yan amshi su karɓa, masu kalangu su sassauta ko su tsananta gwargwadon yadda ya ɗaga murya. In ya ga wani ɗa ya kama jama'a sai ya maimaita shi, in ya ga sun yi sanyi ya sake hanya. Waƙar da aka yi minti 10 jiya tana iya kai rabin awa yau. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da wannan, har ya zama da wuya a sami waƙarsa ɗaya da ya rera iri ɗaya sak sau biyu. Kowa a wurin yana sauraron kowa, yana kuma amsa masa. Wannan shi nake nufi da amshi a nan, kuma da shi zan auna na'ura.

Bisa wannan ma'auni, aikin kwamfuta a dandamali iri uku ne. Akwai inda take abin kiɗa, watau mutum ya taɓa madanni ita kuma ta fitar da amo a lokacin. Akwai inda take 'yar amshi, ta saurari abin da makaɗi ya yi ta juya shi ta mayar masa. Akwai kuma inda take rikoda kawai, an ɗauki kiɗan tun a gida, ita tana juyawa, mutane na bin ta. A nau'i na farko da na biyu ne kaɗai maganar jinkiri da ƙarfi ke da amfani, domin a nan ne na'ura ke jiran hannun mutum. A na uku ba ta jiran kowa, ko wayar salula ta isa. Saboda haka in mutum ya ce mini yana bukatar ta girke don ƙarfinta, abin da zan fara tambayarsa shi ne, a cikin ukun nan wanne kake yi?

Wasanni Huɗu

Na farko shi ne Répons na Pierre Boulez, Bafaranshen mai tsara kiɗa, wanda aka fara gabatarwa a bikin kiɗa na garin Donaueschingen a Jamus a 1981. Ma'anar sunan ma ita ce amshi, an aro shi ne daga salon waƙar coci inda jagora ke bayarwa jama'a na karɓa. Makaɗa 24 suna tsakiyar zaure, masu sauraro sun kewaye su, a bayan masu sauraro kuma ga wasu makaɗa 6 a rarrabe, biyu da fiyano, sauran da kayan tsirkiya da na bugawa. Abin da mutum 6 ɗin nan suka buga shi ake ɗauka da makirufo a shigar cikin na'ura, ta ninka shi, ta jinkirta shi, ta sauya masa amo, ta zagaya da shi ta lasifikoki a saman kawunan jama'a. An gina wannan aiki ne a kan 4X, ƙatuwar na'urar da Giuseppe di Giugno ya ƙera a cibiyar IRCAM ta Faris, kuma duk inda za a yi wasan a wancan zamani sai an yi jigilarta. A nan nauyin kayan ya biya kuɗinsa, domin in makaɗin bai buga ba na'urar ba ta da abin faɗi, in ya buga da ƙarfi amsarta dabam, in ya sassauta dabam. Sai dai a lura, yau ana yin wasan nan da kwamfutoci na yau da kullum, bai kuma rasa kome ba. Ashe darajar tana ga aikin da aka ba na'urar, girmanta kuwa larurar zamani ce kawai.

Na biyu Kraftwerk, ƙungiyar da Ralf Hütter da Florian Schneider suka kafa a Düsseldorf a 1970. A rangadinsu na 1981 situdiyonsu sukutum suka kwance, mai suna Kling Klang, suka zaga duniya da shi, suka riƙa girke shi a bayansu a kan dandamali. Mai kallo yana ganin inda sautin ke fitowa. A wani sashe na wasan ma sukan matso bakin dandamali da 'yan ƙananan na'urori a hannu, su miƙa wa na gaba su danna. Daga 2002 sai duk wannan ya koma cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka guda 4, mutum huɗu a jere, kowa a bayan nasa teburin, ba mai motsi. Masu ba'a suka ce wa ya sani ko wasiƙunsu suke karantawa. Ni a ganina wannan suka ba ta kama Kraftwerk ba, domin tun 1978 jigon aikinsu shi ne mutum ya zama inji, har gumaka masu kamarsu sukan tsayar a madadinsu. Sandarewar tana cikin saƙon. Waɗanda sukar ta kama su ne dubban da suka kwaikwayi tsayuwar ba su da saƙon, mutum ya sunkuya, murfin na'ura ya shiga tsakaninsa da jama'a, hasken allo a fuskarsa, idonsa bai ko ɗago ba.

A nan ne nake ganin masu girke suna da wata hujja da ba su cika kawowa ba, alhali ta fi ta ƙarfi. Ta girke ba ta zama a gaban mutum. Dole a tura ta gefe ko baya, a jawo waya zuwa ga abin da hannu zai taɓa. Wannan yakan tilasta wa makaɗi ya zauna tun a gida ya yanke shawarar abin da zai riƙa sarrafawa da yatsunsa, ya mayar da shi kan madannai da maɓallai, ya haddace su kamar yadda mai gurmi ya haddace tsirkiyarsa. Daga nan fuskarsa ta sami 'yanci ta dubi jama'a. Gaskiya ne ita ma ƙaramar ana iya ajiye ta a gefe, wasu ma suna yi. Amma abin da ya zo da sauƙi shi akan yi, allon da ke buɗe a gaban mutum kuwa sai ya kalle shi.

Na uku Daft Punk, Faransawa biyu, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, waɗanda suka rabu a 2021. A bikin Coachella na 2006 a Kalifoniya, da rangadin da ya biyo baya a 2007, sun yi wasa a cikin wata dala ta fitilu, fuskokinsu a rufe da kwalkwali. Manhajar Ableton Live ce ke tafiyar da kiɗan, amma a kan manyan kwamfutoci da aka haɗa musu musamman aka ajiye daga gefe, su kuma suna sarrafa su daga cikin dalar. Wannan shi ne tsarin da masu girke ke mafarki, kuma ya yi kyau ƙwarai, sun yayyanka tsofaffin waƙoƙinsu sun saƙa su cikin juna har suka zama sababbi, faifan da aka ɗauka a Faris a watan Yuni na 2007 ya ci kyautar Grammy. Amma in aka kawo ma'aunin amshi sai a ga giɓi. Fitilu da hotuna suna ɗaure da kiɗan, don haka jerin wasan bai cika sauyawa daga wannan dare zuwa wancan ba. Suna iya murɗa amo, su ƙara ado, amma hanyar a shimfiɗe take. Wannan ya nuna cewa babbar na'ura ita kaɗai ba ta sa wasa ya saurari jama'a.

Na huɗu ya faru a watan Satumba na 2022, lokacin da ƙungiyar Falling in Reverse ta Amurka ta janye daga wani bikin kiɗa domin kwamfutocinta na tafi-da-gidanka sun ɓace. Abin ya jawo cacar baki mai zafi. Jagoransu, Ronnie Radke, ya kare kansa da cewa kiɗansu na zamani ne, sassa da yawa nasa suna cikin na'urar. Mai girke zai ce da akwati ne mai tayoyi da bai ɓace haka da sauƙi ba. Wataƙila, amma akwati ma yakan ɓace. Abin dubawa shi ne, ga mai ganga, ga masu jita, ga mawaƙi, duk lafiyarsu ƙalau, amma wasa ya gagara. A ƙungiyar kalangu in fatar ɗaya ta fashe sauran sukan rufe, mai ita ya koma gefe ya gyara. Laifin waɗannan ba amfani da na'ura ba ne, don ba wanda zai hana su. Laifinsu shi ne sun ba ta jagoranci, ba su kuma bar wa kansu wata hanya ba in ta faɗi.

A Gida

Tun daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa, kiɗan fiyano ya mamaye situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos, daga baya kwamfuta ta karɓi aikin da manhajoji irin su FL Studio da Cubase, da Auto-Tune mai daidaita murya, wadda ta fito a 1997. A situdiyo ta girke ta samu gida, a nan ake gina waƙa hawa-hawa, a sa ganga, a sa fiyano, a sa murya, a sa amshi. Amma in an zo wurin biki, abin da ya fi yawa shi ne nau'i na uku. Mai sa kiɗa yana gefe da ƙaramar kwamfutarsa, ya saki waƙar yadda aka gama ta, har da muryar mawaƙin a ciki, shi kuma mawaƙin ya riƙe makirufo yana bi, wani lokaci da murya, wani lokaci da leɓe kawai.

A dubi abin da wannan ya yi wa waƙar. Sunayen ango da amarya da iyayensu an riga an sa su tun a situdiyo. Baƙon da ya zo ba zato, ko ya yi liƙi ya fi na kowa, ba shi da wuri a cikinta. In ana so a gode masa sai a ɗaga wa mai na'ura hannu ya tsayar da kiɗa, a kira sunansa da magana, sa'an nan a sake saki. Watau yabo ya fita daga cikin waƙa ya koma sanarwa. Abin da a da shi ne gwajin gwanintar mawaƙi, ya saƙa sunan da bai shirya ba cikin kari ba tare da kiɗa ya karye ba, yanzu ba a ko ba shi damar gwadawa. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma wannan kiɗa ne da ba ya sauyawa ko rawa ta sauya.

To, mawaƙin da ke wannan hali, ko ya ɗauko ta girken situdiyo ya kai gidan biki? In don ta juya waƙar da aka gama ne, wahalar banza ce, ga kuma haɗari. Wutar janareta tana hawa tana sauka, mai na iya ƙarewa a tsakiyar wasa, ga ƙurar hunturu da manyan fankoki za su zuƙa, ga hanya. A irin wannan wuri batir ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa amfani nesa ba kusa ba. Maganar zafi dai tana nan, tun da a Sakkwato ko Maiduguri zafin bazara kan haura digiri 40, amma inuwa da ɗan abin ɗaga na'ura don iska ta ratsa ƙarƙashinta sun fi ɗaukar akwati sauƙi.

Abin da ya kamata a ɗauko daga situdiyo shi ne waƙar a kwance, kafin a ɗinke ta: ganga dabam, fiyano dabam, amshi dabam, muryar mawaƙi kuwa a bar ta a maƙogwaronsa. Manhajojin yanzu suna ba da damar a sa wani yanki na kiɗa ya yi ta zagayawa har sai an danna a wuce gaba. In aka zaunar da makaɗi na gaske a kan wannan, idonsa a kan mawaƙi kamar yadda mai kalangu ke yi, to mawaƙi na iya tsawaita ɗa, ya kawo sunan baƙo, ya koma amshi lokacin da ya ga dama. Ƙaramar kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi ta isa wannan aiki. Ta girke kuwa wurinta shi ne inda ba a motsawa, kamar zauren taro, da gidan talabijin, da ɗakin wasan kwaikwayo na jami'a, inda za a ɗaure ta wuri ɗaya da batirinta, a ja wayoyi sau ɗaya, duk wanda ya zo ya tarar da ita a shirye. Tambari ma a fada yake zama, in zai fita sai an nemo masa abin hawa, kalangu kuwa a kafaɗa yake yawo, kuma ba a taɓa jin an ce ɗaya ya kori ɗaya ba.

Kammalawa

An ga cewa hujjar ƙarfi, wadda masu girke suka fi dogara da ita, ta yi rauni da tafiyar zamani, kuma tun asali ba ta shafi mai juya rikoda ba. Hujjarsu da ta rage da ƙarfinta ita ce ta girke tana janye allo daga fuskar makaɗi, ta mayar da na'ura sahun baya inda 'yan amshi ke tsayawa. Wannan darasi ne da mai ƙarama ma zai iya ɗauka ba tare da ya sayi kome ba. An kuma ga cewa Boulez da ƙatuwar na'ura ya sami amshi, Daft Punk da manyan na'urori sun sami ƙawa amma amshinsu kaɗan ne, Ɗan Maraya kuwa, wanda ya rasu a 2015, da gwangwani da tsirkiya ɗaya ya riƙe manyan zaure shi kaɗai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saboda haka mai nazarin da ya je kallon wasa kada ya tsaya leƙen irin akwatin da ke kan tebur. Ya jira lokacin da wani abu zai faru wanda ba a shirya ba, baƙo ya shigo, ko jama'a su ɗauki amshi su ƙi saki, ko mawaƙi ya manta ɗa. Ya duba a lokacin ko kiɗan zai jira mawaƙin, ko kuwa mawaƙin ne zai bi kiɗan da gudu. Daga nan zai san wanda ke jagorancin wasan, ya kuma san abin da zai rubuta.